Fim ɗin Yaƙin da Na Nuna wa 'Yan Aji Bakwai

Ku yaran yanzu, da an ce muku wane aikin majigi ya yi, sai ku yi murmushi. Rannan jikana yana latsa wayarsa ya ce mini, "Kaka, ai aikinku ba wuya, ka kunna fim ka koma gefe ka zauna." Ban tanka masa ba, don na ga abokansa suna wurin. Amma tunda yau kun zauna, bari in gaya muku yadda aikin yake, da labarin wani fim da ya kusa raba wata yarinya da makaranta.

Ana tsakiyar yaƙin basasa na shiga sashen majigi na ma'aikatarmu a nan Kaduna. Mai ɗaukar kaya aka ɗauke ni, aka danƙa ni a hannun wani dattijo da kowa yake kira Baba Kofur. Tsohon soja ne, ya yi yaƙin Bama, ya dawo kunnensa ɗaya ba ya ji sosai. Na daɗe a ƙarƙashinsa bai bar ni na taɓa makunnin majigi ba. Aikina naɗe faifai, goge gwangwanayen fim, da jan waya daga janareta. Janareta kuwa nesa ake kai shi, bayan gini ko bayan mota, don kada ƙararsa ta danne magana. In ƙiwa ta sa na ajiye shi kusa, Baba ba zai ce uffan ba sai an gama haɗa komai, sannan ya ce, "Isa, je ka matsar da shi."

Ranar da ya fara koya mini zura fim, a sito muka yi ta. Zaren fim yana da 'yan huji a gefe, majigi yana da haƙora da suke kama su. Za ka bi da zaren ta hanyarsa, ka bar masa ɗan sako-sako a sama da ƙasan ƙofar haske. In ka ja shi ya yi tsauri, tsinkewa zai yi. In ka sake shi da yawa, hoto ya yi ta rawa, motsin baki daban, magana daban. Ƙwan fitilar ba a kama shi da hannu tsirara, sai da ƙyalle, don maiƙon yatsa yana fasa shi in ya ɗauki zafi. Ba a kuma tsayar da fim ƙwai yana kunne, nan take hoton zai narke jama'a suna kallo. In ya tsinke, ga reza ga gam, ka kankare bakin, ka haɗa, ka danne da yatsa, mutane suna ta ihu a bayanka kamar kai ka tsinka shi da gangan.

Duk wannan aikin hannu ne, kowa zai iya koya. Asalin aikin a baki yake. Yawancin finafinanmu da Turanci suke, wasu ma tun na zamanin Turawa. Sai ka rage muryar fim, ka ɗauki abin magana, kai ne za ka gaya wa mutane abin da suke gani. Shi ya sa ba a fita da fim sai an kalle shi a sito har an haddace inda kowa zai juya. Baba Kofur in yana magana ba ya kallon farin ƙyallen da ake haska fim a kai, fuskokin jama'a yake bi. Da ya ga tsofaffi sun fara gyangyaɗi, sai ya raɗa wa Baturen cikin fim suna, ya ce ga Tanko nan ya fito da sandarsa, wuri ya kaure da dariya, kowa ya wartsake.

Mun kai majigi Unguwar Sarki, mun kai Unguwar Dosa, Kawo, da ƙauyukan hanyar Mando. Fim ɗin rigakafi, na noman auduga, na komawa tuƙin hannun dama, na sabon kuɗi. Kowace unguwa da halinta. Akwai mai unguwar da ba ya yarda sai an kafa ƙyalle ya fuskanci ƙofar gidansa. Akwai wani malamin allo da yakan aiko a ce mu dakata sai ɗalibansa sun biya karatu, mu kuma mu dakata, in sun gama shi da kansa yakan zo da buzunsa ya zauna a gaba. Makarantun boko kuwa da rana ake zuwa. Barguna muke rataya a tagogi, yara su cika aji, zafi kamar a gidan burodi.

Shekarar da ta fi ba mu wuya ita ce shekarar fari, wadda aka canja kuɗi a cikinta. An karɓe Landirobarmu aka tura ta rabon hatsi can arewacin jiha, ba wanda ya ce don me, don mun ga mutanen da suke gangarowa daga can. Muka koma ɗora majigi da janareta a amalanke, direbanmu ya zama mai turi. Ƙwayayen fitila suka daina zuwa, har ya rage mana guda ɗaya tak, Baba Kofur yana naɗe shi a cikin hula kamar ƙwan kaza. Shi kansa ƙafa ta matsa masa, ya daina fita, sai zaman sito.

A cikin wannan shekarar wata malama ta zo ofishinmu da ƙafarta. Malama Rakiya sunanta, tana koyar da aji bakwai a wata firamare tsakanin Kawo da hanyar Mando. Ta ce darasin tarihi ya kawo su kan yaƙin duniya na biyu, abin da ke littafi bai taka kara ya karya ba, yara kuma sun dame ta da tambaya.

"Malam Isa, kullum jiragen soja ta kan ajinmu suke wucewa," in ji ta. "Mazan duk matuƙa jirgi suke so su zama. Ban hana su ba. Amma ina so su ga yadda mutanen gari suke rayuwa in yaƙi ya same su a gida."

Na tuna da wani fim mai faifai biyu a can ƙasan kanta, cikin waɗanda Turawa suka bari. Na wani babban birni ne a Ingila lokacin da ake yi masa ruwan bama-bamai. Faifan farko jirage ne, da jiniya, da wuta, da gine-gine suna zubewa. Na biyu kuma zaman mutanen garin ne: mata a layin burodi, wani tsoho mai keke yana raba madara gida-gida, yara a aji, iyalai da bargunansu suna sauka ƙarƙashin ƙasa su kwana. Na kalle shi, na shirya abin faɗa, muka tura amalanke.

Na ɗora faifan farko kamar yadda aka rubuta a jikin gwangwani. Muryar fim kuwa na bar ta, don a ganina jiniya ba ta buƙatar fassara. Jirage suna bayyana 'yan maza suka miƙe. Fito, tafi, "Ga su nan! Ba su wuta!" kamar a gidan silima. Ina ɗaga murya ina cewa gidajen mutane ne a ƙasa, ba mai ji na. Sai jiniya ta ɗauka. A take na ji benci ya kife a tsakiyar aji, wata yarinya tana ihu da wani harshe da ba Hausa ba.

Na kashe ƙwai, Malama ta fizge bargon taga. A ƙarƙashin benci muka ga yara biyu. Ɗaya, Nkechi, ta kwanta ruf da ciki a kan ɗayar, ta danne mata kai da hannu. Ta ƙasan, Binta, tana kuka, leɓenta ya fashe, farin ɗankwalinta kuma Nkechi ta fizge ta cusa a ƙarƙashin cikinta har ya yage. Da ƙyar Malama ta ɓamɓare hannun Nkechi. Sai wani yaro ya kwaikwayi kukan jiniya, aji ya fashe da dariya. Ranar ba a ga faifai na biyu ba.

Muna naɗe waya Malama take gaya mini cewa a Kaduna aka haifi Nkechi, iyayenta suka tafi da ita Gabas da rikici ya tashi, a can ta yi shekarun yaƙi, uwarta ta dawo da ita bayan an gama. Yarinya ce mai shiru, ba wanda ya taɓa jin ta yi zancen.

Bayan 'yan kwanaki Malama ta dawo ofis. Abu ya lalace. Duk inda Nkechi ta gifta sai yara su kama kukan jiniya, har ta daina zuwa makaranta, ga jarrabawar shiga sakandare ta matso, ita kuwa tana cikin waɗanda ake sa wa rai. Mahaifin Binta kuma, Saje Haruna, makanikin jirgi ne a barikin sojan sama na Mando, ya je wurin hedimasta da kakinsa, ya ce an ji wa 'yarsa ciwo, kuma ana nuna wa yara fim don a ɓata masu aikin jirgi. Magana ta iso wurin ogana. Ya kira ni ya ce, "Ana cewa a haɗa kan ƙasa, kai kana tono. Mayar da fim ɗin nan inda ka ɗauko shi."

Na kai gwangwanayen sito. Baba Kofur yana zaune ya miƙe ƙafa a kan akwati. Na kwashe komai na gaya masa, ta wajen kunnen da yake ji.

"Wane faifai ka fara ɗorawa?" ya tambaye ni.

"Na farko, Baba."

"Wa ya ce dole sai shi?"

Na ce haka aka rubuta. Ya ce wanda ya rubuta don mutanensu ya rubuta, waɗanda suka riga suka san garin da mutanen cikinsa. Ya ce a Bama sun taɓa shiga wani gari bayan jirage sun wuce, kuma abin da bai manta ba har yau wata tukunyar shinkafa ce a kan murhu, da ludayi a ciki, ba kowa a gidan. "Yaro ba ya jin tausayin gini, Isa. Nuna masa mutum tukuna, ya san shi, ya yi dariya da shi. Sannan ka kawo jirgin. Jiniyar nan kuma kashe ta. Wanda ya santa ba ya buƙatar a tuna masa."

Ni da Malama muka tafi kasuwar Kawo, inda uwar Nkechi take da rumfar ɗinki. Mun same ta a kan keke, Nkechi tana gefe tana dasa maɓalli. Hausar uwar tsaf, ta fi ta wasu 'yan gari. Ta amsa gaisuwa, ta ba mu benci, amma ƙafarta ba ta bar taka keke ba.

"Malama, ba za ta koma ba," in ji ta. "Ban fito da ita daga wuta don a mai da ita abin dariya ba. Ga keke, za ta koya."

Malama ba ta yi musu ba. Cewa ta yi, "Maman Nkechi, abu ɗaya ne ban gane ba. Me ya sa ta cire wa Binta ɗankwali?"

Keke ya tsaya. Matar ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Ba ku sani ba? Fari ne. Daga sama ana hango fari. Abin da ake fara koya wa yaro ke nan, da ka ji jirgi ka cire farin kaya ka ɓoye, ka kwanta, in akwai wani kusa da kai ka rufe shi. Ba dukanta ta yi ba. Ta ɗauka 'yar mutane za ta mutu."

Daga nan ta ci gaba, ba tare da mun tambaya ba. Yadda suka rufe kwanon ɗaki da ganyen kwakwa don kada ya yi ƙyalli. Yadda ake gama girki kafin gari ya waye don kada a ga hayaƙi. Yadda aka mayar da kasuwa cikin kurmi, makaranta ma ƙarƙashin itatuwa. Mijinta kuma wata safiya ya tafi kasuwa sayen gishiri, jirgi ya zo, bai dawo ba. Tana faɗa tana warware wani ɗinki da reza.

Na ce, "Maman Nkechi, fim ɗina na Turawa ne, kuma ni ban ga abin da kika gani ba. In na sake kai shi, za ki zo ki gaya wa yaran nan abin da kika gaya mana?"

"Ni? A gaban aji? Malam, ni tela ce."

Sai Nkechi ta yi magana, karo na farko tun zuwanmu, idonta a kan maɓalli. "Mama, in kin je zan je."

Sauran aikin Malama Rakiya ce ta yi shi. Ita ta je gidan Saje Haruna ta zauna da shi da matarsa ta gaya musu ma'anar ɗankwalin. Bai sauko gaba ɗaya ba. Ya ce zai zo ya gani da idonsa, in ya ji abin da bai yi masa ba, a gaban kowa zai tsayar da fim ɗin. Hedimasta ya yarda a kan haka. Ogana kuwa Baba Kofur ne ya dogara sanda ya shiga ofishinsa, ban san me suka ce ba, na dai ji oga yana cewa, "Ƙwai ɗaya ya rage mana. In ya mutu a wannan aikin, ku kuka sani."

Ranar da muka koma, na bar bargon ƙofa a ɗage kaɗan, Nkechi da uwarta suka zauna kusa da ita. Saje Haruna yana tsaye a baya ya harɗe hannu. Kafin in kunna komai na tambayi yara, wa ya tuna ramin da aka haƙa a bayan gidansu lokacin yaƙi, bayan da wani jirgi ya taɓa zuwa wajen filin jirgin Kaduna? Hannuwa suka tashi. Wani ya ce nasu kwaɗi ne suka cika shi, wata ta ce kakarta ta ƙi shiga, ta ce ba za ta shiga rami da ranta ba. Aka yi dariya. Na ce to, yau za mu ga mutanen da suka daɗe suna shiga irin wannan ramin.

Na ɗora faifai na biyu, murya a kashe. Tsohon nan mai keke na raɗa masa Malam Ɗanjuma mai nono, yara suka ce ina aka taɓa ganin namiji yana tallan nono, na ce a garinsu haka ake yi. Wata mai ƙiba a layin burodi ta zama Inna Delu, na ce ku dube ta, so take ta tsallake layi kamar yadda ake yi a famfon Unguwar Dosa. Wani yaro mai faɗin kunne yana hamma a aji, suka ce wallahi kamarsu ɗaya da wani ɗan ajinsu. Da aka zo wurin saukar mutane ƙarƙashin ƙasa, na rage wasa, na nuna musu abin da kowa ya riƙo: bargo, buta, jariri, wata tsohuwa da kyanwarta. Faifai ya ƙare, na sa aka ɗaga barguna aka sha iska. Na gaya musu a fili abin da ke cikin faifan da ya rage, na ce duk wanda ba ya son gani ga ƙofa nan, ba wanda zai yi masa dariya. Ba wanda ya tashi. Nkechi ta riƙe bakin zanen uwarta.

Jirage suka bayyana, ba ƙara, sai kukan majigi kawai. Wani yaro ya fara fito, ya ji shi kaɗai ne, ya bari. Ban yi dogon bayani ba. Nakan ce, wannan titin masu burodi ne. Wannan makaranta ce. Da aka nuno wayewar gari, ana tone ɓaraguzai, sai ga wani keke a lanƙwashe a gefen titi. Na sha kallon fim ɗin, ban taɓa kula da keken nan ba. Wani yaro daga gaba ya ce, "Mai majigi, keken Malam Ɗanjuma ne?"

Na ce, "Ban sani ba."

"To ya fita?"

"Fim bai nuna ba. Ban sani ba."

Faifan ya ƙare, aka ɗaga barguna.

Da haske ya shigo, Malama ta ce ga baƙuwa, mahaifiyar 'yar ajinku ce, ita ba a fim ta gani ba. Maman Nkechi ta tashi, ta gyara ɗaurin zane, ta tsaya a gaban allo kamar wadda aka kawo shari'a. Da farko muryarta ba ta fita. Yara ne suka cece ta da tambayoyinsu. Me kuke ci? In jirgi ya zo kuna wanka fa? Akuya tana shiga rami? Ta ce akuya ta fi kowa saurin shiga, tun kafin mutum ya ji jirgi ita ta ji, aji ya yi dariya, ita ma ta yi, daga nan bakinta ya buɗe. Ta faɗi na ganyen kwakwa, ta faɗi na girkin asuba, ta faɗi na farin kaya. Na mijinta jimla ɗaya ta yi ta wuce. Wata yarinya ta tambaya ko yara suna wasa a lokacin yaƙi. Ta ce, "Ku tambayi Nkechi."

Nkechi daga inda take zaune ta ce suna yi. Ta ce a ƙasa suke rubutu da tsinke, malaminsu yana da usur, in ya busa sau ɗaya kowa ya kwanta, manya su rufe ƙanana. In jirgi ya wuce sai a tashi a nemi inda aka tsaya da lissafi, wani lokaci an goge shi da ciki.

Binta ta juyo daga bencinta. "Shi ya sa kika cire mini ɗankwali?"

"E."

"Ai da kin gaya mini."

"Ba a tsayawa magana," in ji Nkechi.

Sai muka ji takun takalmi daga baya. Saje Haruna ya tako har tsakiyar aji, na ce a raina yau fim ya ƙare. Ya cire hularsa. Ya ce, "Yara, ni injin jirgi nake gyarawa, kuma ba na jin kunyar aikina. Ina ganin tashinsa, ina ganin saukarsa. Abin da ke tsakani ban taɓa gani ba sai yau. Duk wanda yake son tuƙa jirgi a cikinku ya yi karatu ya tuƙa, amma ya riƙe abin da matar nan ta faɗa." Ya juya wurinta. "Maman Nkechi, 'yarki ta rufe 'yata da jikinta, ni kuma na kai ƙararta. Ki yi haƙuri. Na gode."

Ta ce, "Ba komai, Saje. Ka aiko da ɗankwalin in gyara."

Washegari Nkechi ta koma makaranta. Ba zan ce muku tsokana ta mutu a rana ɗaya ba, yara ne. Amma Malama ta ce duk wanda ya kuskura ya yi kukan jiniya, Binta ce take fara tare shi, ita kuwa bakinta ba dama. Nkechi ta zauna jarrabawa ta ci, aka ɗauke ta makarantar 'yan mata ta kwana. Ƙwan nan guda kuma ya kai mu har aka kawo sababbi. Daga baya hedimastoci suka riƙa aikowa a kai musu fim ɗin, oga da kansa yake sa hannu, ni kuma na manna takarda a gwangwanin na canja lambobin, don wanda zai gaje ni.

Bayan an dawo mana da Landiroba, Saje Haruna ya zo ofis ya ce manyansa sun amince a nuna wa yaran makarantar bariki, kuma yana roƙo a zo da matar nan. Na je rumfa na gaya mata. Ta ce za ta zo, amma sai an bari ta gama kayan wani biki da ta karɓa.

Da ranar ta zo, ta zauna a gaba kusa da direba, ta sha ɗaurin ɗankwali na fita unguwa. Aka buɗe mana ƙofar bariki. Hanyar makarantar ta bi ta gefen wani fili, ga jiragen yaƙi a jere a ƙasa, wani makanike yana zaune a inuwar fiffiken ɗaya yana cin rogo. Ta ce wa direba ya tsaya. Ta sauko ta je bakin wayar shingen filin ta tsaya tana kallon jirgin. Saje Haruna ya zo ya tsaya nesa kaɗan. Ni ma ban matsa ba.

Can ta juyo ta ce, "Ashe ɗan ƙarami ne haka."

Ta kakkaɓe hannunta, ta dawo mota ta ja ƙofa.

"Mu je, Malam Isa. Yara suna jira."